Daga Daren Farko Zuwa Kujerar Likita: Abin da Mai Ciwon Haƙori ke Gamuwa da Shi a Kamba da Ƙasar Bagudo

Tsakure

Wannan takarda ta dubi kulawar haƙori a garin Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, da ƙasar Bagudo da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, ta idon majiyyaci. Ta bi mai ciwo tun daga daren da zogi ya fara har ranar da ya zauna gaban likita, ta nuna cewa akasarin abin da ke yanke wa haƙori hukunci ya riga ya wakana kafin likita ya gan shi. Ta kuma yi jayayya da ɗaukar godiyar majiyyaci bayan an cire masa haƙori a matsayin shaidar ingancin aiki. An gina ta a kan abin da na gani, da abin da na ji daga bakin majiyyata da ma'aikatan lafiya a yankin, da kuma bayanan da hukumomin lafiya suka wallafa.

Gabatarwa

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta kan lafiyar baki, inda ta ce kimanin mutum biliyan 3.5, wato kusan rabin al'ummar duniya, suna fama da wata cuta ta baki ko ta haƙori, kuma uku cikin huɗunsu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Kafin nan, a watan Mayu na 2021, babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin shigar da lafiyar baki cikin kulawar da ta wajaba kowa ya samu. Nijeriya kuma tana da manufar ƙasa kan lafiyar baki tun 2012. Abin tambaya shi ne me ya isa ga manomin da ke Fana ko masuncin da ke Dole Kaina daga cikin duk wannan.

Masu nazarin ingancin aikin asibiti sun saba bin tsarin da Avedis Donabedian ya shimfiɗa a 1966: a dubi kayan aiki da ma'aikata, a dubi yadda aka gudanar da aikin, sannan a dubi sakamakon. Tsari ne mai kyau, kuma zan yi aiki da shi. Sai dai yadda muke amfani da shi, awon yakan fara ne daga ƙofar asibiti. A ƙasar da nake magana a kanta, mai ciwon haƙori yakan kwashe watanni, wani lokaci shekaru, yana jinya a wasu hannuwa kafin ya taka wannan ƙofa. In har ba a sa waɗannan watanni cikin lissafi ba, to wutsiyar labarin kawai aka kama.

Ƙasar da hanyoyinta

Kamba gari ne na kan iyaka. Gaya ta Jamhuriyar Nijar tana nan kusa, kuma daga Gaya in an ƙetare Kogin Neja sai Malanbil ta Benin da babbar kasuwarta. Ta ɓangaren Bagudo akwai Lolo da Illo da Ka'oje, da Tsamiya mai fuskantar Segbana. Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci duk ana jin su a kasuwa guda, naira da sefa suna zaga hannu ɗaya. Mutum yakan yi auren ƙetare, ya yi cinikin ƙetare, haka nan yakan nemi magani a ƙetare.

Manyan wuraren da ake tura mai matsalar haƙori ko muƙamuƙi da ta gagara suna Birnin Kebbi, wato Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya, sai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Daga Kamba zuwa Birnin Kebbi ta Bunza da Kalgo tafiyar kilomita ɗari ce da 'yan kai. Wanda ya taso daga ƙauyen bakin kogi zai fara da kwalekwale ko kabu-kabu kafin ya ga mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin wannan tafiya ya ninka, kuma mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai.

Ita ma iyakar ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a sake buɗe mashigar Kamba ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Kowace rufewa tana shafar farashin magani da hanyar da mara lafiya ya saba bi. Likitocin haƙori kuwa a Nijeriya 'yan dubbai ne kacal ga jama'a sama da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna Legas da Abuja da sauran manyan birane. Tsangayar farko ta koyar da aikin an buɗe ta ne a Legas a 1966, Arewa ba ta samu tata ba sai bayan shekaru da dama.

Kafin a kai ga kujera

Ciwon yakan fara da tsami idan an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi. A wannan mataki ƙaramin rami ne, ciko kawai yake bukata, aikin da bai kai sa'a guda ba. Kusan babu mai zuwa asibiti a wannan lokaci. Mutum zai koma tauna da ɗaya gefen ya ci gaba da harkarsa.

Idan ramin ya kai ga jijiya, zogi ya hana barci, sai a fara da abin da ke cikin gida: kanumfari, gishiri da ruwan ɗumi, kanwa, garin taba. Kanumfari yana da mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, likitoci ma suna aiki da sinadarinsa, saboda haka ba laifi ba ne a ce yana taimakawa. Amma ba ya toshe rami. Akwai masu danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, ta ƙone naman wurin ya yi fari fat. Akwai kuma masu ɗiga ruwan batir ko fetur da nufin kashe tsutsar da aka yi imani ita ke cin haƙorin. Duk wanda ya taɓa ganin bakin da ruwan batir ya ci ba zai so ya sake gani ba.

Daga gida sai kyamis. A nan ne ainihin jinyar haƙori ta yankin take gudana, kuma ya kamata mu faɗi haka ba tare da kunya ba. Mai kyamis yana kusa, yana buɗe har dare, ya san mutum da sunansa, yana ba da bashi, yana kuma sayar da ƙwaya huɗu ga wanda kuɗin huɗu gare shi. Zai haɗa maganin kashe zafi da amoksisilin ko Flagyl. A sha kwana biyu, zogi ya lafa, a ajiye. Bayan wata guda ya dawo, a sake komawa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da jijiyar da ta kumbura a cikin haƙori, kuma shan sa guntu-guntu yana koya wa ƙwayoyin cutar jure masa. Yawan shan diklofenak da danginsa ba ƙa'ida kuma yana cin ciki, yana taɓa ƙoda.

Akwai wani mataki mai yaudara da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya iya bayyana shi da Hausa. Idan jijiyar ta mutu, zogin yakan ɗauke ɗif. Mai ciwo sai ya ɗauka ya warke, ya yaba maganin da ya sha na ƙarshe. Alhali cutar ta gangara ne zuwa saiwa, tana tara mugunya a cikin ƙashi.

Ranar kasuwa kuma ga masu cire haƙori na tafi-da-gidanka. Za ka ga tabarma a inuwa, da faranti cike da haƙoran da aka ciro a matsayin talla, da fulaya biyu ko uku a cikin kwanon ruwa da ya canja launi. Mutum ya tsuguna, a shafa masa wani abu a dasashi, yaron mai aikin ya riƙe masa kai, a girgiza a fizge. A tsoma fulayar a kwanon, a kira na gaba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a jikin ƙarfen da jini ya bushe a kansa, kuma tsomawa a ruwa ba ta kashe ta. Idan saiwa ta karye a ciki, mai aikin ya riga ya wuce wata kasuwar. Ba na sa wanzaman gari cikin wannan sahu kai tsaye, domin wanzami yana da gida da suna da zai kare, kuma ana iya zama da shi a yi magana. Amma matsalar tsabtar kayan aiki ta shafe su su ma.

Me ya sa mutum mai hankali zai zaɓi tabarmar kasuwa? Saboda ya san farashin kafin a taɓa shi, za a gama a take, kuma ba wanda zai ce masa ya dawo ranar Talata.

A kan kujera

Na ga wani manomin shinkafa, dattijo, da ɗansa ya kawo shi wani asibiti a yankin. Ya naɗe fuskarsa da rawani. Da aka warware, kuncin hagu ya kumbura har ƙarƙashin haɓa, fatar tana sheƙi, bakin ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa guda. Yawu yana zuba saboda haɗiya ta zama aiki.

"Baba, tun yaushe?"

"Ya daɗe, likita. Hauren nan ya hana ni kwana tun damana. A hidda shi in huta."

Ɗan ya zazzage leda a kan tebur: fankon katin magani iri-iri, wasu da rubutun Turanci, wasu da na Faransanci. Ba a iya cire haƙorin ranar ba. Kumburin ya kama ƙarƙashin harshe, irin wanda ke iya toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i, saboda haka aka sa masa ruwa da allurai aka tura shi babban asibiti. Abin da ɗan ya fara tambaya shi ne nawa za su nema, kuma kwana nawa, domin shinkafa ta isa yanka.

Ba kowa ke zuwa a wannan hali ba, amma mafi yawa suna zuwa ne da haƙorin da ya wuce ciko, kuma da buƙata guda: a cire. Abin da suke ba da labari bayan sun koma gida shi ne ya fi damuna a wannan takarda, domin wannan labari ne ke tura maƙwabci asibiti ko ya hana shi.

Abu na farko da suke faɗa shi ne hannu. "Hannunsa da sauƙi" shi ne babban yabo. A aikace wannan yana nufin an yi allurar kashe zafi daidai, an jira ta kama, an gwada kafin a sa ƙarfe. Wurin da ya yi mugunya ba ya karɓar allura da sauri. Ma'aikacin da layi ya yi wa yawa yakan fara aiki kafin lokaci, in mai ciwo ya zabura a ce masa ya cika raki. Mutum guda da aka yi wa haka ya isa ya hana unguwa guda zuwa.

Na biyu magana. Da yawa sukan fito ba su san abin da aka yi musu ba, ba su san ko akwai wata hanya ban da cirewa ba. Akwai tsoro na gaske da ba a tambayar su a kai: wasu sun ji cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, mai juna biyu an gaya mata kada a kuskura a taɓa bakinta, mai azumi yana fargabar karyewar azuminsa, mai hawan jini yana tsoron jini ba zai tsaya ba. Kowanne yana da amsa mai kwantar da rai da ba ta wuce minti biyu ba. Matar da Dandanci ko Fulatanci ne harshenta, aka yi mata bayani da Hausa mai gauraye da Turanci, za ta gyaɗa kai don ladabi ta tafi. Daga nan ne ake samun wadda ta kuskure baki da ƙarfi da isarta gida, gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, bayan kwana biyu ko uku zogi ya dawo fiye da na da. Ita a wurinta likita ne bai iya ba. An gaya mata ta ciji audugar, kada ta kuskure sai washegari da ruwan gishiri mai ɗumi, amma ba a tabbatar ta ji ba.

Na uku kuɗi da zirga-zirga. Kati daban, hoto daban, allura da safar hannu a je a sayo, magani daban. Jimillar ba lalle ta fi ƙarfin mutum ba, rashin saninta tun farko ne ke sa ya ji an yi masa wayo. Sai kuma "babu wuta", "kayan ba su dahu ba", "likita ya tafi taro". Ga ma'aikaci jinkirin kwana guda ne. Ga wanda ya taso daga Lolo kuɗin mota ne na mutum biyu, zuwa da dawowa, da yinin gona.

Mata suna da ƙarin nasu. Sai an nemi izini, sai an samu mai rakiya, kuma da yawa ba sa sakin jiki namiji ya sunkuyo kan fuskarsu. Inda aka samu mace mai aikin haƙori, labari yakan zaga gidajen suna da biki da kansa.

Gamsuwa da inganci

Idan aka tsayar da mutum a bakin ƙofa bayan an cire masa haƙorin da ya hana shi barci wata uku, aka tambaye shi ko ya gamsu, zai ce alhamdu lillahi, Allah ya saka wa likita. Gaskiya ya faɗa. Amma takardar tambayoyin da ta rubuta wannan a matsayin inganci ta yi kuskure ta fuska biyu. Tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya kushe wanda ya taimake shi a gabansa ba, balle ga baƙo mai riƙe da biro. Sannan wanda bai taɓa jin ana ceto haƙori ba ba zai yi ƙorafin an cire nasa ba. Da babu gara ba daɗi, shi ne ma'aunin da yake riƙe da shi.

Akwai kuma ɓangaren inganci da majiyyaci ba ya iya gani ko kaɗan. Ba zai san ko an dafa kayan aiki a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na tsawon aƙalla minti 15 ba, ko kuwa an goge su ne da sifirit. Ba zai san ko an auna jininsa da sukarinsa don dalili ba. Wannan nauyin hukuma ne da masu sa ido, kuma godiyar jama'a ba ta ɗauke shi.

Duk da haka ban yarda da masu cewa bakin majiyyaci ba hujja ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar ce ya kamata a gyara, da wurin yin ta. A same shi a gida bayan mako biyu, da harshensa, ta bakin wanda ba ma'aikacin asibitin ba. A tambaye shi tun yaushe ciwon ya fara, hannu nawa ya bi, nawa ya kashe har da mota, sau nawa ya je kafin a yi aikin, ko ya ji zafi lokacin da ake yi, ko an gaya masa akwai zaɓi, kuma ko zai kai ɗansa wurin. A gefen asibiti kuma lissafi guda ya isa ya tona komai: cikin haƙoran da aka taɓa a wata, nawa aka cire, nawa aka cike.

Bakin yara

A kan yara ne jinkirin ya fi muni. Zawo da zazzaɓin jariri akan jingina su ga fitar haƙori, a saya masa ruwan magani a zauna, alhali maleriya ce ko wata cuta ke cin sa. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin fitar haƙorin da aka samu guba a cikinsa a 2008, wanda ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya.

Sai cutar noma, zaizayar baki. Tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman waɗanda yunwa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda ko maleriya. Tana farawa da dasashi mai jini da gyambo da wari, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya faɗo. In ba a yi magani ba, tana iya kashe har tara cikin goma. In an kama ta a matakin dasashi, amoksisilin da Flagyl da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014, yana gyaran fuskar waɗanda suka rayu kyauta, kuma Kebbi na cikin jihohin da ake kawo masa yara. Nijeriya ce ta jagoranci neman a sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a watan Disamba na 2023. Abin alfahari ne. Amma yaron da ya isa Sakkwato da ramin kunci ya riga ya wuce ta hannun uwa da kaka da mai kyamis, wataƙila da ma'aikacin ɗakin shan magani, ba wanda ya ɗaga leɓensa ya duba.

Abin da ke iya yiwuwa yanzu

Ba za a samu likitan haƙori a kowace gunduma nan kusa ba, kuma bai kamata a zauna jiran haka ba. Akwai hanyar ciko da aka ƙirƙiro a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980 don wuraren da babu wuta: a kankare ruɓaɓɓen wurin da ƙananan kayan hannu, a cike da wani siminti na musamman mai sakin fuloraid, ba injin huda, sau da yawa ba allura. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, da ruwan azurfa mai tsayar da ruɓewa, da man goge baki mai fuloraid cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba. Ƙwararren mataimakin likitan haƙori zai iya wannan aiki a cibiyar lafiya ta matakin farko, ko a makarantar firamare, ko ranar kasuwa, a inuwar da mai fulaya ke shimfiɗa tabarmarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware asusun kula da lafiya a matakin farko, jihar Kebbi kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. A nan ne ya kamata a nemi gurbin ciko da duba baki, a kuma liƙa farashin kowane aiki a bango da Hausa da ajami.

Mai kyamis da wanzami da ungozoma su ne ke fara ganin ciwon, don haka su ya kamata a fara koya wa alamomin da ba a jira da su: kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa, bakin da ya ƙi buɗuwa, wahalar haɗiya, da yaro mai warin baki da gyambon dasashi. Duk yaron da aka kawo rigakafi ko awon tamowa a buɗe bakinsa. Ba sai an raba mutane da aswaki ba, domin yana aiki in an iya shi, a dai nuna musu ya kai ga matauna na can ciki, a haɗa da man fuloraid ga mai hali.

Tun da majiyyacin yankin yana yawo tsakanin ƙasa uku, ya kamata ya fita daga kowane asibiti da ƙaramin kati a aljihu mai ɗauke da haƙorin da aka taɓa, da maganin da aka ba shi da ainihin sunansa, da ranar, ta yadda ma'aikaci a Gaya ko Malanbil ko Kamba zai karanta ya ɗora daga inda ɗan'uwansa ya tsaya. Wannan ba ya bukatar yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Shugabannin sashen lafiya na Dandi da Bagudo za su iya fara shi da kuɗin buga kati.